Katin da Ba Wanda Ya Saya

Shagon yana Unguwar Dosa, a wani jerin shaguna da ke bayan gidan mai, tsakanin mai ɗinkin labule da wata mata mai sayar da kajin firiza. Gyaran kwamfuta ake yi a ciki. Abin da ya fara kai ni can tsohuwar kwamfutata ce ta tebur, wadda ta ɗauki ɗabi'ar mutuwa ana tsakiyar aiki. An gyara ta tuntuni, amma ni ban daina zuwa ba. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, gidana yana Badarawa, kuma tun ina ɗalibi nake fama da son wasan kwamfuta. Na ɗauka aure zai raba ni da shi, aure ya zo bai raba mu ba. Na ce to haihuwa, ita ma ta zo ta same mu tare. A wurin aiki ba ni da wanda zan yi wa wannan zance ba a yi mini kallon wanda bai gama girma ba. A shagon nan kuwa na tarar da irina.

Mu huɗu ne muka fi zama, yawanci ranar Asabar bayan la'asar. Akwai mai shagon, wanda muke kira Injiniya kamar yadda ake kiran duk mai riƙe sukudireba a garin nan. Siririn mutum ne, ba ya ɗaga murya, amma kuma ba ya janye magana. Akwai wani Bakatsine, direban wani kamfani mai rarraba magunguna, wanda ke yini a hanyar Zariya da Funtuwa da Gusau duk mako, in ya dawo gida kuma hutunsa shi ne ya ɗaure sitiyarin roba a bakin tebur ya tuƙa tirela a cikin kwamfuta. Direba muke ce masa. Sai wani matashin malamin Islamiyya da muke kira Ustaz, wanda ke ɗaukar karatun mahaifinsa a bidiyo yana tacewa yana sawa a intanet. Shi kullum cewa yake don aikin karatu ya haɗa kwamfutarsa, amma a cikinmu babu mai iya cin sa a wasan ƙwallo na kwamfuta. Ni kuma Ticha suke ce mini.

Ga wanda bai san harkar ba, a cikin kwamfutar wasa akwai wani faffaɗan abu mai fankoki a jiki, shi ke zana duk hoton da ido ke gani a allo. Katin hoto ake ce masa, mu dai kati kawai muke cewa. In katinka mai ƙarfi ne sai ka ga ganyen bishiya yana kaɗawa, ka ga gumi a fuskar ɗan ƙwallo. In rarrauna ne sai hoton ya riƙa tsayawa yana tafiya kamar mai ɗingishi. Manyan kamfanoni biyu ne ke gasa a kansa, ɗaya kwalinsa kore, ɗaya ja, don haka mu ma da launin muke ambatonsu. Injiniya ɗan kore ne. Direba ɗan ja ne, irin wanda ya ɗauki abin kamar gadon gidansu.

A farkon daminar shekarar da nake ba da labari, kamfanin kore ya fito da sabon kati. Babu ɗayanmu da ya taɓa ganinsa da ido, balle ya taɓa shi, amma hakan bai hana mu kwashe makonni muna musu a kansa ba. Abin da ake yabonsa da shi shi ne, wai yana zana hoto ɗaya na gaske, sai ya ƙirƙiro wasu da kansa ya cusa a tsakani, don motsi ya yi santsi.

“Wato hoton ƙarya ke nan,” in ji Direba. “Ka ba ni ɗaya na gaskiya, ka haɗa mini da na ƙarya, ka ce in yi murna. Yo mi za a yi da wanga kati?”

“Idonka zai iya bambancewa?” Injiniya ya tambaye shi, bai ko ɗago daga abin da yake kwancewa ba.

“Hannuna zai bambance. In na murza sitiyari ina so mota ta juya a lokacin, ba sai kati ya gama tunani ba. Sannan ya fi dutsen guga cin wuta. A Kadunar nan? Kana kunna shi inbatarka za ta fara kuka. Ba ka ga hotunan da ake yaɗawa ba, kebul ɗinsa na narkewa?”

“Waɗanda ba su iya cusa kebul ba ne.”

Ustaz shi bai yarda da kowane ɓangare ba. Duk bidiyon gwaji da muka nuna masa a waya sai ya taɓe baki. “Waɗannan fa kyauta aka aiko musu da katin,” yakan ce. “In ya kushe shi bana, baɗi wa zai aiko masa? Ku duba ma, duk rana ɗaya suka saki bidiyon, duk magana iri ɗaya.” Ni kuma nawa zargin ba a ƙetare yake ba, a cikin shagon yake. Na daɗe da lura cewa duk abin da Injiniya ya fara yabo, ba a jimawa sai ka gan shi a kan kantarsa. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, gaskiya. Amma in yana magana ban san ko aboki nake saurare ko ɗan kasuwa ba.

Ilai kuwa, wata Asabar na shigo ina kakkaɓe ruwa daga hulata, sai ga koren kwali a saman kanta, dogo, a naɗe cikin leda mai ƙyalli. Ustaz da Direba sun riga ni zuwa, suna tsaye a gabansa suna kallonsa. Injiniya ya ce wani ɗan kasuwa da ke shigo da kaya daga waje ne ya kawo masa, guda ɗaya tak, kuma a farashin da ya yi ƙasa da abin da muke gani a intanet.

“Me ya sa ya yi araha?” Ustaz ya tambaya.

“Bai biyo ta hannun dillalai ba.”

“To buɗe mu gani mana,” na ce.

“A'a, Ticha. Da zarar na yaga ledar nan ya zama na hannu. Mai saye shi zai buɗe abinsa.”

Ya dai yarda muka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Nauyi gare shi kamar bulo. Na jijjiga shi a hankali kusa da kunnena, ban ji komai na motsi ba. Ustaz ya haska fitilar waya a kan sitikar lambobin yana gwadawa da hotunan intanet, ya ce komai ya yi daidai, kuma wannan daidai ɗin ne bai kwanta masa ba. Direba ya fi kowa daɗewa da shi a hannu. Ya juya shi, ya karanta bayansa, ya shafa harafin da aka buga da azurfa, sannan ya dire shi yana cewa launin koren ma bai yi masa kama da na ainihi ba, kuma ko kyauta aka ba shi sai dai ya tokare ƙofa da shi. Muka yi dariya. Injiniya ya mayar da kwalin sama, ya juya fuskar kwalin ta kalli titi.

Asabar ta gaba babu kwali. Wurin da ya zauna ne kawai ya rage, fili a tsakanin kwalayen kibod.

“An saye,” in ji Injiniya.

“Wa ya saya?”

“Mutum.”

“Ɗan unguwar nan?”

“Ticha, in kai ka saya ka ce kar in faɗa, za ka so in faɗa?”

Wannan amsar ita ta ɓata komai. Da cewa ya yi wani Alhaji daga Malali ya saya wa ɗansa, da an wuce wurin. Amma ya nuna mana cewa mai sayen ya nemi a rufa masa, kuma wa zai nemi a ɓoye mana irin wannan in ba wanda ya san mu ba? Na dubi Ustaz, na tarar shi ma ni yake kallo. Direba ranar bai zo ba, an ce yana Gusau.

Daga nan kowa ya zama abin tuhuma. Ni aka fara da ni, don an tuna cewa ranar da kwalin ya zo na tambayi tsawon katin, na kuma ce ban sani ba ko zai shiga akwatin kwamfutata. Na rantse tambaya ce kawai, Ustaz ya ce ai bai ce komai ba. Ni kuma na fara lura da cewa bidiyon karatun mahaifinsa, da a da sai an kwana biyu kafin ya fito, yanzu da safe a yi karatu da yamma ya hau. Na tambaye shi a fakaice, ya ce wani ɗalibinsu ne ke taya shi. Na ce to madalla, amma ban yarda ba. Har Injiniya na zarga da cewa bai sayar wa kowa ba, gida ya kai ya sa a tasa kwamfutar, yana jin kunyar a ce mai shago ya cinye jarinsa.

Mai ɗakina ta gaji da jin zancen. Wata rana ina cin tuwo ina yi mata lissafin dalilan da suka sa nake ganin Ustaz ne, ta ajiye ludayi ta dube ni.

“Abban yara, wai in ma shi ya saya, sata ya yi?”

“Ba sata ba ce. Amma me zai sa ya ɓoye?”

“Saboda ya san ku. Ga shi ba ku tabbatar ba ma kun hana shi sakat.”

Direba shi ne na ƙarshe da zan zarga, saboda irin zagin da ya yi wa katin. Sai dai wani abu ya canja a tare da shi. Zuwansa ya ragu. In ya zo ba ya zama a kujerarsa ta kusa da teburin gyara, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana danna waya. Na jefa masa zancen hoton ƙarya don in tayar da shi, ya ce, “Kowa dai da abin da yake so,” ya ci gaba da danna wayarsa. Mutumin da ke iya yin awa guda yana kare jan kati! Sannan gaisuwarsa da Injiniya ta koma irin ta surukai, a taƙaice, ba a haɗa ido. Injiniya kuma, wanda a da yake ajiye masa ruwan sanyi tun kafin ya iso, ya daina. Na ɗauka musun ne ya yi tsami a bayan idonmu. Na gaya wa Ustaz haka a hanyar masallaci, ya ce shi ma ya lura, amma yawan zato ba kyau, mu bar shi. Bayan mun idar da salla shi ya sake tayar da maganar.

Ana cikin haka matar Direba ta haihu, aka gayyace mu suna a gidansa da ke Kinkinau. Injiniya ya ce aiki ya yi masa yawa, ya ba mu saƙon barka mu kai. Ni da Ustaz muka hau keke muka tafi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, 'yan uwansa daga Katsina sun cika wurin, ana ta raba waina da miyar taushe. Bayan an yi addu'a an fara watsewa, sai na ce masa, tun da yau Allah ya kawo mu, ai sai a nuna mana tirelar nan da muke jin labari. Ya ce mu shigo.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne a zaure, da tebur, da sitiyarin a ɗaure, da feda a ƙasa. Akwatin kwamfutar mai gefen gilashi ne, ana ganin ciki. Na durƙusa kamar mai gyara takalmi na leƙa. Tsohon jan katinsa ne a ciki, wanda muka sani, har da fankarsa ɗaya da ya ɗaure da zare. Kunya ta kama ni. Ina shirin miƙewa sai idona ya sauka a ƙasan akwatin. Abin da ke raba wa kwamfuta wuta, wanda muke kira fawa, sabo ne fil, babba, ya fi ƙarfin duk abin da ke cikin akwatin nan. Daga jikinsa kuma wani siririn kebul ya fito, an naɗe shi an cusa a gefe, ba a haɗa shi da komai ba. Na san bakin kebul ɗin nan. Shi ne wanda Direba ya yi ta nuna mana hotonsa a narke. Jan kati ba ya amfani da shi.

Na ɗago, muka haɗa ido da Direba. Ustaz ya yaba sitiyarin, ya yi wa jaririya addu'a, ya ja hannun rigata muka fito. A cikin keke na ce masa, “Ka gani?” Ya ce, “Na gani.” Na ce, “To ina katin?” Ya ce wannan ita ce tambayar da tun ɗazu yake yi wa kansa.

Amsar ta same ni ba tare da na neme ta ba. Wata Laraba aka tashe mu da wuri saboda taron malamai, sai kuma aka ɗage taron, ga hadari ya haɗo, na ce bari in fake a shagon kafin ruwa ya sauko. Na tarar an sauke ƙofar rabi. Na sunkuya na shiga da sallama. Injiniya da Direba suna tsaye, tebur a tsakaninsu, a kan teburin kuma ga koren kati a kwance, an kwance shi gida biyu. Gefe guda fankoki da ƙarfen da ke sanyaya shi, gefe guda allon da kayan wutar ke jiki.

Direba ya fara yunƙurin rufe shi da jarida, sai ya fasa. “Shigo, Ticha. Gara ma da ka zo. Zo ka gani da idonka.”

Na matsa. A tsakiyar allon, inda ƙwaƙwalwar katin take zama, wato ɗan murabba'in da shi ne katin gaba ɗaya, babu komai. Fili ne kawai mai ɗigo-ɗigon dalma, an share shi tas. Ƙananan da ke kewaye da shi su ma an ɗebe. An bar fankoki, an bar fitilu, an bar ƙarfen da ke ba shi nauyi. Wani ya cire abin da ake saye, ya mayar da sauran yadda suke.

“Ni na saya,” in ji Direba. “Na kai gida, na sa, fanka ta juya, fitila ta kama, allo baƙi ƙirin. Na ce ko fawata ce ta yi kaɗan, na sayo sabuwa a Kano don kar a gan ni. Nan ma shiru. Na ce ko ni ne ban iya ba. Wa zan tambaya? Ku? Bayan abin da na faɗa a kansa? Da na gaji na dawo mashi da abinsa, ya ce sai ya bincika. Yau ya kira ni ya buɗe a gabana. Ka ga abin da ya sayar mini.”

“Abin da na sayar maka a cikin leda yake,” Injiniya ya ce a hankali. “Ticha shaida ne, ya ɗauka da hannunsa. A gidanka aka yaga ledar, ba kowa a wurin. Ya yi makonni a hannunka, ka je da shi Gusau, ka je da shi Kano. Ka dawo mini da shi ba leda. Dubi kan sukurorin nan, Ticha. An taɓa kwance su kafin yau.”

Na duba. Akwai 'yar ƙujewa a kan biyu daga ciki.

“Wato ni na cire?” in ji Direba. “Ni da ko fanka ban iya canjawa ba sai da zare?”

“Ban ce kai ba. A Kano akwai masu injin da ke ɗaga irin wannan cikin ɗan lokaci, kuma akwai masu sayensa.”

“To kai mi ya hana ka buɗe shi ran da Ticha ya ce ka buɗe? In ba ka san abin da ke ciki ba, mi kake tsoro? Kuma leda, wa bai san ana sake naɗa ta ba? Kai kanka kana da abin hura zafi a shagon nan.”

Duk suka juyo suna kallona, kamar ni zan raba. Ruwa ya sauko a kan kwanon shagon da ƙarfi har sai an ɗaga murya. Abin da ya dame ni shi ne, duk wanda ya yi magana a cikinsu sai in ji na yarda da shi, ɗayan na buɗe baki kuma in koma wajensa. Na tuna yadda Injiniya ya hana a yaga ledar. Na tuna kuma yadda Direba ya iya tsayawa a gabanmu yana zagin abin da ya riga ya ƙudurta saye, fuskarsa ko gezau. Wanda ya iya wannan, me kuma zai iya? Na ce musu ni ban sani ba, a kira Ustaz.

Ustaz ya iso a jiƙe bayan an tashi daga Islamiyya. Ya saurari kowa, ya ɗauki allon ya daɗe yana kallo. Ya sa Injiniya ya kira ɗan kasuwar da ya kawo katin, a buɗe muryar kowa ya ji. Mutumin ya ɗauka, ya yi salati, ya ce shi ma a rufe ya saya a wata kasuwa a can waje, a hannun wani da ba shi da lambarsa, amma zai shigo Kaduna a yi magana. Muryarsa ba ta nuna mamaki sosai ba, ko kuma ni ne na ji haka. Har yau bai shigo ba.

Direba ya ce a ɗauko Alƙur'ani ya dafa. Injiniya ya ce shi ma a shirye yake. Ustaz ya girgiza kai.

“Ba za a ɗauko shi a kan abin wasa ba. In kun rantse ku biyu, ko dai ɗaya ya yi rantsuwar ƙarya ya halaka kansa, ko kuma duk gaskiya kuka faɗa, mun dawo inda muke. Abin nan ya bi ta hannaye da yawa kafin ya zo Unguwar Dosa. Ku biyu ne kawai a gabana, shi ya sa kuke ganin dole ɗayanku ne.”

A ƙarshe dai raba asarar suka yi. Injiniya ya ba shi wani kati na hannu, mai kyau, wanda ya fi tsohonsa, kuma ja ne, abin da ya sa Ustaz ya kasa riƙe dariya. Direba ya karɓa ya yafe sauran. Suka yi musabaha, amma hannun bai daɗe a cikin hannu ba.

Da ruwa ya tsagaita na raka Direba bakin titi neman abin hawa. Na kasa haƙuri na tambaye shi abin da ya kai shi, shi da ya fi kowa ƙin katin. Ya yi 'yar dariya ba daɗi.

“Ruwan sama ne, Ticha. Akwai wani bidiyo da na gani, an sa wasan tirela da wanga kati, ana ruwa. Fitilun motocin da ke tahowa suna kwance a kan kwalta, ruwa na gangarowa a gilashi. Wallahi kamar hanyar Funtuwa a watan Agusta. Na kalla ya fi a ƙirga. Duk abin da na faɗa a kansa har yanzu ina nan a kai, hoton ƙarya ne. Amma na so in gani a ɗakina.”

Sannan ya ce, “Kai dai tsakaninka da Allah, kana ganin bai sani ba?”

Na ce ina ganin bai sani ba. Washegari na biya shagon, Injiniya ya yi mini irin tambayar a kan Direba, na ba shi irin amsar. A lokacin da nake faɗa wa kowannensu, har zuciyata haka nake ji. Sai in na koma gida ni kaɗai tunanin sukurorin nan biyu ya dawo mini, ko tunanin ledar.

Zaman Asabar bai mutu nan take ba. Mun ci gaba da haɗuwa, ana taɓa zancen ƙwallo da tsadar fetur, amma in aka zo kan kati sai kowa ya yi taka-tsantsan, kamar masu tafiya a kan santsi. Da kamfanin ja ya fito da nasa sabon, na ɗauka Direba zai cika shagon da murya. Ya ce kawai a bari a ga yadda zai yi a hannun mutane. Bayan wani lokaci kamfaninsu ya mayar da shi Gusau da zama, ya kwashe iyalinsa. Muna gaisawa a waya jefi-jefi. Ustaz ya yi aure, ya rage fitowa. Allon da aka cire wa ƙwaƙwalwa kuwa Injiniya bai yar ba, yana cikin wata durowa, in baƙo ya zo yana cika baki da arahar da ya samo a intanet sai ya ciro ya ajiye masa a gaba ba tare da dogon bayani ba.

Kwanaki 'yata ta fara koyon kwamfuta a makaranta, na biya shagon in saya mata maus, abin motsa kibiya a allo, ɗan ƙarami mai arha, irin waɗanda ake rataye su a ƙusa. Injiniya ya yi murna da ganina, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo mini lemo. Na zaɓi ɗaya na sa a aljihu zan tafi.

“Tsaya, Ticha. Buɗe shi a nan.”

“Haba, Injiniya. Maus ne fa.”

“Na sani. Haka nake yi wa kowa yanzu.”

Ya ɗauko wayarsa ya kunna kyamara ya saita ta a kan hannuwana. Na yaga kwalin a gabansa, ya karɓa ya haɗa da kwamfutar teburinsa, ya ce in motsa. Na motsa, kibiyar ta yi yawo a allo. Ya ce in danna dama, in danna hagu. Sannan ya ɗaga wayar zuwa fuskata ya ce in faɗa da bakina cewa na gwada, lafiya lau yake. Na faɗa. Ya kashe kyamarar, ya sa mini shi a leda, ya ce in gaida yara.